Sakan Ashirin na Shiru

Litinin, 5 ga Mayu

Manaja ta kira ni ofis da safe. Wai za mu yi baƙo ranar Asabar ta sama, wani mawaƙin gambarar zamani daga Somaliya, irin abin nan da yara ke kira hip-hop. Zai shiga shirin Aku kai tsaye, ƙarfe huɗu na yamma. Ta miƙo min filash mai waƙoƙi tara, ta ce in saurara, in gyara sauti, in samo wanda zai fassara, don kada a ja mana magana.

Shekara ashirin da biyu ina gaban na'urorin gidan rediyon nan, yau ga ni zan zauna sauraron mutum yana zuba surutu a kan ganga, da yaren da ko sannu ban sani ba a cikinsa. Aku, mai gabatar da shirin (bakinsa ne ya ja masa sunan), sai rawar kai yake, wai mutumin mawaƙin talakawa ne, ba ya rataya sarƙa a wuya. Na ce masa duk haka suke kafin su sayi mota.

Inna ta sha magani. Jinin ya ɗan sauka.

Talata, 6 ga Mayu

Na saurari duka taran. Hayaniya ce dai, amma wanda ya ɗauki sautin ya san aikinsa.

Sai dai waƙa ta bakwai tana da matsala. A tsakiyarta komai ya ɗauke, layin sauti ya kwanta flat a allon kwamfuta, sakan ashirin cif, sannan kiɗa ya dawo. Ga alama wajen turowa ta lalace. Na yanke ramin, na haɗe bakin biyu, ko shi mai waƙar ba zai gane inda na ɗinke ba. Na ji daɗin aikin.

Dole in yanke. A gidan rediyo babu abin kunya kamar shiru. Muna da wata na'ura a bayan akwatin wayoyi, Maigadi muke ce mata: da ta ji shiru ya kai sakan takwas sai ta saki talla da kanta. Tallar da ke cikinta kuwa ta kamfanin nan ce mai nema wa matasa aiki a ƙasashen waje, su ne ke ɗaukar nauyin rabin shirye-shiryenmu. Makullin akwatin yana hannuna ni kaɗai.

Laraba, 7 ga Mayu

Amshin waƙa ta uku ya maƙale min a kai tun safe. Abin haushi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na je karɓo maganin Inna, sai na tuna Mai Kyamis 'yar Somaliya ce. Shekara goma sha ɗaya tana layinmu ban taɓa tambayarta komai ba sai ko akwai ƙwayar hawan jini. Na roƙe ta fassara. Da ta ji sunan mawaƙin sai da ta ajiye almakashin da ke hannunta.

Ta sa abin kunne ɗaya, tana sallamar masu saye tana faɗa min ina rubutawa. Ta farko a kan mata masu tura kurar ruwa. Ta uku, wadda ta dame ni, uba ne ke koya wa 'yarsa yadda ake wuce shingen masu bindiga ba tare da an kalle su ba. Akwai wadda yake yi wa dattawa faɗa kan gabar dangi, ya ce sun gaji rigima sun rasa abin da za su bar wa jikoki sai ita. Babu zagin mace ko ɗaya, babu na fi wane. Gaskiya na yi mamaki.

Muka zo ta bakwai. Ta ce sunanta Ƙofa. Uwa ce da ta daina sa wa ƙofa sakata tun ranar da ɗanta ya bi dillalai ya nufi teku. Tana cikin faɗa sai ta tsaya, ta cire abin kunnen, ta kalle ni.

"Ina shirun?"

Na ce wane shiru, na ce lalacewa ce, na gyara.

"Ka gyara? Bawan Allah, me ka aikata?"

Har wata mai sayen maganin tari ta juyo. Ashe kafin wurin mawaƙin yana cewa: duk wanda yake da wanda ya tafi bai dawo ba, ga wuri na bar maka, kira sunansa. Sai ya yi shiru. Ta ce a wurinsu sunan mutum uku ne, nasa da na ubansa da na kakansa, sakan ashirin ɗin don a faɗa a tsanake ne, a kuma yi numfashi. Ta ce ita ƙanwarta take kira. Bayan shirun ne yake juyowa kan dillalai, masu ofis da fanka da talla a rediyo, waɗanda ke sayar wa yara hanya su kuma su kwana a gadajensu.

Na karɓi magani na fito. Har na kai bakin titi na tuna na bar hulata a kan kanta.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ba na son rubuta wannan.

Shekara bakwai ke nan. Ƙanena Auta ya gama karatu yana zaune, kullum a kan tabarmar tsakar gida, ni kuma kallonsa yana ƙona min rai. Tallar nan ta kamfanin neman aiki a waje ni na haɗa ta da hannuna, ni na sa mata kiɗan da ke ƙasa. Rannan na kwafo lambar wayar a bayan takardar jadawalin shirye-shirye na kawo masa. Na ce tashi ka nemi abin yi, ka ishe mu. Haka na ce, ka ishe mu.

Sau biyu ya kira. Na biyun ya ce gobe za su hau ruwa. Da na je kamfanin suka ce su iyakarsu takarda, abin da ya biyo baya ba su sani ba.

Inna ba ta san ni na ba shi lambar ba. Babu wanda ya sani. Kuma kullum sau shida nake sa tallar.

Asabar, 10 ga Mayu

Na mayar da shirun inda yake. Minti biyu aikin ya ɗauke ni.

Da la'asar na tarar da Inna tana lalube a bango, tana neman inda za ta sa cajin tsohuwar wayarta. Wayar nan madanninta duk sun goge, na sayo mata sabuwa sau biyu ta ƙi, wai wannan lambar Auta ya sani. Na sa mata. Ta fara, "Ka san jiya na yi mafarkin Auta yana…" Na ce, "Inna, kin sha magani?" Ta ce ta sha. Maganar ta mutu a nan.

Uwar yara tana wanke-wanke ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai dai a ofis ka yanke, a gida ka yanke." Na yi kamar ban ji ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na kai wa Manaja fassarar. Ta karanta a tsaye, da ta zo ta bakwai ta zauna.

Ta ce ba za mu iya ce masa kada ya yi ta ba, mutum ne da 'yan jarida ke bi, gobe a ji gidanmu ya toshe bakin baƙo. Kuma ba za mu bar baitin dillalai ya fita ba, mutanen kamfani suna sauraron shirin Aku, kwantiraginsu wata mai zuwa za a sabunta. Ta yi ta juya biro. Sai ta ce, "Sakan nawa ka ce shirun?" Na ce ashirin. Ta ce, "Maigadi fa?" Na ce takwas.

Ta yi murmushi. "To ai shi ke nan, Injiniya. Kada ka taɓa komai. Talla minti ɗaya da rabi ce, kafin ta ƙare ya gama baitinsa. Mu ba shi haƙuri, mu ce na'ura ce."

Gaskiya dabara ce. Ba a ce in yi ƙarya ba, ba a ce in yanke ba, hannuna kawai zan naɗe. Na ce to.

Ban ga laifinta sosai ba. Mutum talatin da ɗaya ke cin abinci a gidan nan.

Talata, 13 ga Mayu

Akwai takardar da na sa wa hannu shekarar da aka kawo Maigadi: duk wanda ya kashe ta ana kan iska, a bakin aikinsa. Ni ma na taya rubuta dokar, har ina alfahari. Saura min shekara uku in yi ritaya. Babbar 'yata tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya.

Aku ya ji abin da ake shiryawa, ya biyo ni ɗakin na'urori yana kumfar baki, wai cin amana ne, wai shi da makulli a hannunsa yake da an ga aiki. Na ciro makullin na ajiye masa a kan tebur. Ya kalle shi, ya tuna yana da wayar da zai buga.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ya zo gwajin sauti. Na zaci zan ga ayari, sai ga mutum ɗaya siriri dogo da jakar baya, rigarsa ma ta sha wanki, sai Mai Kyamis da ta rufe shago ta zo tafinta. Ya gaisa da mai shara kafin ya gaisa da Manaja, ba don a gani ba, ita ya fara tararwa a ƙofa.

Abin da zan rubuta, saboda ni aikina na sani: shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin wanda ya san makirufo kamar mutumin nan ba. In zai ɗaga murya ya ja baya da kansa, in zai yi ƙasa ya matso. Allurar mita ba ta taɓa ja ba ko sau ɗaya. Kalmomi na fita kamar ana zuba tsaba a faranti, amma kowace da gurbinta, kuma ba ka jin inda yake jan numfashi. Na zauna hannuna a kan madanni ban sami abin gyarawa ba. Har haushi na ji.

A wurin hutu Aku ya tambaye shi me ya sa ba ya waƙar soyayya ya huta. Ya yi dariya, Mai Kyamis ta fassara: wai duk na soyayya ne, mutane ne ba su lura ba. Ya ce shi ba ya rubuta baiti sai ya zauna da mai abin, in ya gama ya koma ya rera masa, in mai abin ya ce ba haka ba ne ya yaga. Waƙar Ƙofa sau huɗu wata tsohuwa ta sa shi ya sake ta. Ita ce ma ta ce masa ya cika surutu, ya yi shiru ya bar mutane su kira 'ya'yansu.

Da za su tafi ya leƙo ɗakina, ya dafa ƙirji, ya yi magana a hankali. Mai Kyamis ta ce, "Ya ce ya san ku mutanen rediyo ba kwa son shiru. Abu ɗaya yake roƙo, kada ka cike masa shi." Ita kuma ta ƙara nata da ido.

Na ce Allah ya kai mu.

Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Juma'a, 16 ga Mayu

Sai yau abin ya faɗo min. Inna ba ta sauraron kowace tasha sai tamu, rediyon ɗana take cewa. Ƙarfe huɗu kullum tana kan kujerarta da akwatin rediyo a cinya. Gobe Mai Kyamis za ta fassara a kan iska, Inna za ta ji an ce kira sunansa. Za ta buɗe baki. Sakan takwas, sai kiɗan da na haɗa ya shigo, da muryar nan mai daɗi: matashi, me kake jira, ga lambar waya.

Na yi tunanin in cire batirin rediyonta. Har na ɗauko akwatin. Ta ce me zan yi da shi, na ce ƙura nake gogewa.

Na ce wa uwar yara in aka kore ni fa? Ta ce me ka yi? Na ce ban yi komai ba. Ta ce, "To ai kai ka saba."

Ban san me take nufi ba. Na sani.

Asabar, 17 ga Mayu



An fara lafiya. Ya yi ta mata masu kura, ya yi ta shinge, wayoyi suna ta shigowa. Manaja ta zo ta tsaya a bayana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta harɗe hannu. Ƙarfe biyar saura kwata Aku ya ce Ƙofa. Mai Kyamis ta karanta fassarar farkon waƙar, har zuwa ga wuri na bar maka. Kiɗa ya tashi.

Daga farkon waƙar zuwa shirun minti biyu ne da sakan goma, na sani don ni na yanke shi na kuma mayar. Ina kallon agogo. Na ce a raina zauna, ba ruwanka. Minti ɗaya. Na ce shekara uku kawai ta rage. Minti ɗaya da rabi, sai na ji ni a tsaye. Na ce wa Manaja gafara, ta matsa, ta zaci waya zan gyara. Makullin ya ƙi shiga, sai a karo na biyu. Na durƙusa na kashe Maigadi. 'Yar fitilarta kore ta mutu.

"Injiniya," ta ce. Sau ɗaya kawai.

Sai shirun ya zo.

Ban taɓa sanin sakan ashirin na da tsawo haka ba. Allura ta kwanta. Duk jikina yana ce min tashar ta mutu, yi wani abu. Ta gilashi ina ganin mawaƙin ya sunkuyar da kai, ya ja baya daga makirufo. Leɓen Mai Kyamis na motsi. Aku, Aku da bakinsa ba ya rufuwa, ya kife fuska a tafin hannu, ban san shi ma yana da wani ba. A sakan na takwas na ji Manaja ta ja numfashi. Tara. Goma. Babu abin da ya shigo.

Ni ban ce komai ba. Ko na ce, ɗakina babu makirufo.

Kiɗa ya dawo, ya yi baitin dillalai daga farko har ƙarshe, Mai Kyamis ta fassara shi kalma bayan kalma. Da na juya Manaja ba ta nan. Layukan waya huɗu duk suna ƙyafta, mutane ba tambaya suke ba, sunaye suke faɗa su kashe. Aku ya bar su har lokaci ya ƙare.

Mawaƙin ya riƙe hannuna da hannu biyu a bakin ƙofa. Bai san abin da ya faru ba, yana ganin alƙawari kawai na cika. Ban gaya masa ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Inna ba ta ce komai ba game da shirin. Ni ma ban tambaya ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Takardar dakatarwa, sai kwamiti ya zauna. Mutanen kamfani sun kira tun ranar Asabar.

Manaja ta rufe ƙofa ta ce, "Ka rubuta cewa na'urar ce ta samu matsala kana dubawa. Zan sa hannu, in rufa maka." Idonta ya yi ja, na ga ita ma ba ta yi barci ba. Na ɗauki biro. Wallahi na yi niyya. Sai na ga na rubuta: ni na kashe ta. Ta karanta ta ce, "Kai dai ka cika taurin kai da tsufa." Na ba ta makullin.

Na biya kyamis. Ta ce mutumin ya wuce jiya, ya bar min faifai da rubutu a kai. Ban tambayi fassarar rubutun ba, ya isa haka.

Ban gaya wa babbar 'yata ba tukuna. Tsoro nake ji, gaskiya.

Laraba, 21 ga Mayu

Zaman gida babu daɗi. Na gyara fanka, na gyara wadda ba ta lalace ba.

Ra'ayina bai canza ba, gambarar zamani hayaniya ce. Wannan ɗaya ne kawai ya iya. Faifan ma don in duba ingancin sauti nake sa shi.

Da hantsi ina sa wa Inna caji ta ce, "Rannan da rediyonku ya yi shiru, na zaci batir ne." Na ce a'a. Ta ce, "Na kira shi. Sau uku na samu na kira, har da sunan babanku." Sai ta fara ba ni labarin mafarkin nan, wai ya shigo da takalmi a hannu yana tambayar ko an ajiye masa abinci.

Maganar magani ta zo min har bakin leɓe. Agogo ma ya nuna lokacinsa ya yi. Na bar ta ta ci gaba.

Da ta gama sai muka yi shiru. Na ƙirga, sabo. Takwas ya wuce. Wajen sha biyar na ce, "Inna, lambar nan da ya kira, ni na ba shi."

Ta ce in ɗauko mata jakarta ta ƙarƙashin filo. Ta daɗe tana lalube, ta ciro wata takarda da ta yi laushi saboda ninki. Jadawalin shirye-shirye. Ban buƙaci juya bayan ba.

"A aljihun wandonsa na gani, satin da ya tafi. Ai na san rubutunka." Ta mayar da ita jaka. "Kullum in na ɗauko zancensa, so nake in ce maka ba kai ka kai shi ruwa ba. Ba ka taɓa bari na kai nan ba."

Maganin sai bayan azahar ta sha. Ita ta tuna min.